Lasifikar Yari Ba Ta Magana Sai An Taka Birki

Duk wanda ya saba shiga motar haya daga Birnin Kebbi zuwa Argungu ya san Yari direba, ko da bai taɓa jin muryarsa ba. Da wuya ma a ce ya ji. Allah ya ba Yari tsawo da faɗin ƙirji, har in ya zauna a gaban sitiyari sai motar ta karkata wajensa, amma da aka zo rabon murya sai aka kankare masa ƙasan ƙwarya. In yana magana za ka ga leɓe na motsi, gemu na rawa, jijiyar wuya ta miƙe, abin da ke fitowa kuwa bai kai kukan sauro ba. Fasinjoji na son motarsa don sun ce ba ya faɗa da kowa. Ƙarya suke yi masa. Yana faɗan, ji ne ba sa yi.

Haka aka haife shi. Yana ƙarami malaminsu ya sha zane shi a kan ba ya karatu, alhali bawan Allah iya ƙarfinsa yake yi. Da aka tura shi fadama korar tsuntsaye daga shinkafa, ya yini yana ihu, tsuntsaye na cin abinsu hankali kwance, har wata ta sauka a kan gorar da ke hannunsa ta huta. Mahaifinsu ya zo ya tarar da ɓarnar, ya ce gara ya kafa mutum-mutumi, shi dai ba ya cin tuwo.

Abin da ya rufa wa Yari asiri shi ne wansa Malami. Shi kuwa Malami in ya yi sallama a ƙofar gidansu, maƙwabta ne ke fara amsawa. Shi ke yi wa Yari ciniki a kasuwa, shi ke rama masa zagi, shi ne ma ya tsaya a zaure ya yi masa zance lokacin da yake neman Umma, Yari na gefe yana gyaɗa kai. Har yau in Umma na son tsokanar mijinta takan ce ba ta tabbatar da wanda ya ce yana sonta a cikin su biyun ba.

Wata damina zazzaɓi ya kwantar da Malami, bai tashi ba. Ya bar 'ya ɗaya, Hamida, a wurin uwarta a gidan gado da ke Argungu. Mutane sun yi wa Yari ta'aziyyar ɗan'uwa, ba su san har da bakinsa aka binne ba. Tun daga lokacin, in ya sauke fasinja sai ya biya ta gidan, ya ajiye wa yarinyar burodi ko sabulu ko takalmin makaranta, ya tsaya ya motsa mata baki, ta ce to Bappa, ya tafi. Ta girma a haka, tana amsa maganar da ba ta ji ba.

Akwai wani tabo da Yari bai manta ba. An taɓa wakilta shi a ɗaurin auren wani ɗan dangi. Da aka zo wurin da zai ce ya karɓa, ya faɗa, liman ya ce me ya ce. Ya sake, liman ya kara tafi a kunne. Sai ga Ummaru, ɗan baffansu, dillalin albasa mai murya kamar injin casar shinkafa, ya tsallako mutane ya faɗa a madadinsa. Aka yi ta dariya har da masu faɗuwa. Kafin mako ya zagayo 'yan tasha sun rubuta masa "Shiru ma magana ce" a bayan mota, kuma bai goge ba, don in ya goge za su ce ya ji haushi.

To, sai ga auren Hamida ya taso, da wani saurayi Izzuddeen, mutumin Augie. A taron dangi Ummaru bai jira an tambaye shi ba.

"Ni ka ba da ita," in ji shi. "Ba a ɗaurin aure da motsin leɓo. Sai shaidu sun jiya da kunnensu."

Yari ya ba shi amsa mai zafi, wadda da an ji ta da an yi rabon faɗa. Ba a ji ba. Amma daga cikin gida uwar yarinya ta aiko da saƙo cewa Hamida ta ce Bappa Yari take so ya ba da ita, shi ne madadin ubanta. Dattawa suka yanke shawara: in liman da shaidu za su ji Yari, shi zai bayar. In kuwa aka kai ga "me ka ce", Ummaru na nan a kusa. Ranar Yari ya koma Birnin Kebbi bai ci tuwon dare ba. Bai taɓa son wani abu a duniya kamar yadda yake son ya faɗi kalmomin nan da bakinsa ba.

Za ka ce ai akwai lasifikar haya. Akwai, amma a hannun sanƙira take zama, shi kuwa sanƙiran gidan abokin Ummaru ne, kuma ko ruwa zai sha ba ya sakin makirfo. Don haka Yari ya ƙudura zai zo da tasa, a cikin motarsa, wadda ba mai ƙwace masa.

Ya nufi wurin Simeon rewaya, mai gyaran wayoyin mota a gindin wani dogon yaro a Gwadangaji. Simeon mutumin Filato ne, ya daɗe a Kebbi har 'ya'yansa sun fi shi iya Hausar garin. Shi kaɗai ne a duk faɗin birni ke jin Yari tashi ɗaya, saboda ya saba kara kunne a jikin mota yana sauraron abin da ke ƙyas-ƙyas. Mutumin kirki ne, ba ya cutar kowa da gangan. Aibinsa biyu ne kawai: bai taɓa cewa ba zai iya ba, kuma waya launi ɗaya yake saye, ja, wai ta fi araha in an ɗauki nadi guda.

"Ƙaramin abu ne, Oga Yari," in ji Simeon. "Zan sa maka murya da za a ji a Nijar."

Ya cire tsohuwar rediyon da ta yi shekaru tana aikinta ba ta taɓa tari ba. Ya sa sabuwa mai walƙiya, ya sa sifika a ƙofofi, ya cusa amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, a ƙarƙashin kujera, ya ɗora wani akwatin sifika a but, ma'ajiyar kaya ta bayan mota, wanda ya cinye wurin buhun albasa guda. Sannan ya jona makirfo mai doguwar waya. Aka gwada a gindin bishiya, Yari ya ce "Assalamu alaikum," masu facin taya a tsallaken titi suka amsa. Yari ya tsaya sororo. Ya sake yin sallamar, suka sake amsawa. Sai da ya yi ta yi har suka gaji suka daina amsawa.

Washegari ya ɗebi fasinja, ya kunna rediyo don su shaida. Ba su wuce Ambursa ba ƙofar baya ta fara wani zizzz mai ratsa haƙori. Wata tsohuwa mai daddawa ta ƙwalla ƙara.

"Rina! Aradu rina ta cikin motag ga!"

Kafin ya gama tsayawa an buɗe ƙofofi, mata na kaɗa mayafi, wani magidanci na dukan kujera da takalmi. Yari na tsaye yana bayani cewa sifika ce, ba wanda ya ko dube shi. Da yamma Simeon ya kwance murfin ƙofar, ya ce sukurori ne ba su ɗauru ba, ya ɗaure biyu, sauran da suka ɓace a cikin yashi ya maye gurbinsu da soson tsohuwar katifa.

Rina ta tafi, akuya ta zo. Yanzu in Yari ya taka totur sai wani siririn kuka ya tashi daga baya, yana ƙaruwa da gudun mota, in ya sassauta shi ma ya sassauta. Wani dattijo a kujerar gaba ya daure, ya daure, ya kasa.

"Direba, ka ji tsoron Allah. Akuyad da kat turo cikin but ta kusa cikawa."

Sai da aka tsaya aka buɗe but aka nuna masa, amma bai yarda ba, ya ce to a duba ƙarƙashin akwatin. Simeon ya ce wannan ma ƙaramin abu ne, wayar sauti ce ta kwanta a jikin wayar wuta suna gulma, ga kuma wayar da ya ɗaure a jikin ƙarfen mota ta hau kan fenti. Ya raba su, ya kankare fentin da wuƙar yanka albasa, kukan ya ɗauke.

Sai kuma fitilun mota suka shiga rawa. In kalangu ya buga a rediyo su dushe, in ya tsaya su dawo. Ranar kasuwar Argungu batir ya ƙare ƙaf a tsakiyar masu kifi, fasinjojin da suka biya kuɗi don a ɗauke su suka koma turin mota, suna tura suna yi wa Yari addu'ar da ba ta alheri ba. Umma ta ce masa tun da take ba ta taɓa ganin wanda ya sayi wahala ya kuma ba ta wurin zama a but ba. Ya ba ta amsa. Ta ce, "Ka ga, ko wannan ban jiya ba."

Wannan karon Simeon ya fusata da motar. Ya zazzage wayoyin duka a ƙasa ya sake sabon zubi. To ka san abin da ke faruwa in wayoyi sun taru kuma dukkansu ja ne. Akwai wata siririya da ke tada amfilifaya daga barci in an kunna rediyo. Simeon ya laluba, ya kama wata ja da yake zaton ita ce mahaɗinta, ya murɗe su tare, ya naɗe da salatif. Yari na zaune a ciki, ƙafarsa a kan birki kamar yadda kowane direba ke yi in mota na kan gangare. Aka kunna, sauti ya fito tas, ba rina, ba akuya, fitilu sun natsu. Suka tafa, kowa ya yi hamdala irin ta addininsa.

Da ya hau titi ya ɗaga ƙafa, sai tsit. Ya taka birki a wani rami, sai ga mai labarai ya ce "gwamnati ta sanar da cewa", ya wuce ramin, tsit. Ba a sake jin ɗuriyarsa ba sai a tudun rage gudu na gaba, inda ya ce "buhu-buhu ga manoma". Fasinjoji suka rikice.

"Direba, taka birki mu ji ko taki na!"

"Kak ka taka, asibiti za ni!"

Masu son labari suka fi yawa. Yari ya tafi da ƙafa ɗaya a totur ɗaya a birki, mota na tafiyar hawainiya, masu babur na wuce su suna zagi, har ƙaurin birki ya cika ciki. Sun ji labaran duniya kaf, sun kuma isa Argungu bayan an tashi daga kasuwa.

Wannan kuwa ana gobe ɗaurin aure ne. Simeon ya leƙa ƙarƙashin sitiyari, ya ga jajayen wayoyi sun cukurkuɗe kamar taliya, ya fito yana susar ƙeya. A karo na farko a rayuwarsa bai ce ƙaramin abu ne ba.

"Oga Yari, gaskiya na haɗa shi da wayar fitilar birki. In na sake kwancewa yau, ban yi alkawari zai yi magana gobe ba." Sai kuma fuskarsa ta washe. "Amma auren nan, a tsaye za a ɗaura shi ko a guje?"

Suka shirya. Simeon da kansa zai bi shi Argungu ya zauna a mota. In liman ya fara, Simeon ya taka birki don makirfo ya yi aiki. In Yari ya cire hula, ya ɗaga ƙafa.

Da hantsi aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan gado, aka kawo goro da dabino. Mutanen Augie sun cika gefe guda. Yari ya ajiye mota a gindin mangwaro, but a buɗe yana fuskantar jama'a. Don hannuwansa su samu damar shafa addu'a, Simeon ya manna masa makirfon a ƙirji da salatif, ya zagaya har baya, aka ɗora babbar riga a kai, waya ta fito ta ƙasa ta ratsa tsakanin takalman mutane har mota. Ummaru ya zauna daf da shi, yana gyaran murya yana kallon sama.

Liman ya makara. Rana ta ɗaga, Simeon na gumi a mota, ga ƙanshin tuwon shinkafa da miyar kifi na tasowa daga gidan maƙwabta inda ake sauke baƙi. Yunwa ba ta san alkawari ba. Ya hango wata taɓarya a jingine, ya ɗauko, ya tokare kanta a birki gindinta a kujera, ya ce a ransa loma biyu zai yi ya dawo.

Nan take wani dum, dum, dum ya tashi daga but, mai nauyi, har ƙasa na amsawa. Yara suka sheƙa bakin titi suna cewa makaɗa sun iso. Wani dattijo daga Augie ya ɓata rai ya ce su ba a gaya musu za a yi kiɗa ba. Ba kiɗa ba ne, zuciyar Yari ce. Bai gane ba sai da cikinsa ya yi ƙugi, ƙugin ya zagaya unguwa ya dawo. Shi kuwa tun safe yake bitar kalmominsa a ƙasan maƙoshi, sai kawai jama'a suka ji daga gindin mangwaro ana cewa, "Na ba shi. Na ba shi. A'a, na ba shi ita."

"Ba a tambaye ka ba tukun!" in ji Ummaru. Aka bushe da dariya.

Yari ya cire hula. Ba abin da ya canja. Ya kaɗa ta sama. Dum, dum, dum ɗin ma sai ya ƙara sauri. Ana cikin haka liman ya iso, aka natsu, Yari ya mayar da hularsa ya haɗiye yawu, kowa ya ji saukarsa.

Aka yi salati, aka ambaci sadaki. Wakilin ango ya gyara zama ya ce, "Muna nema ma ɗanmu Izzuddeen auren ɗiyakku Hamida, ɗiyam marigayi Malami."

Ummaru ya buɗe baki ya riƙe shi a buɗe, yana jira. Yari ya cika ƙirji.

"Na ba shi!"

Tantabaru suka watse daga kan soro. Awakin da ke ɗaure suka tsinke igiya. Sanƙira, da ya ɗaga makirfonsa zai maimaita wa jama'a, ya sauke shi a hankali don ba sauran abin maimaitawa. Liman ya sa yatsa ya girgiza kunnensa.

"Mun jiya," in ji shi. "Waɗanda anka baro Augie ma sun jiya. Jama'a, kun shaida?"

"Mun shaida!"

Aka ɗaga hannu aka yi fatiha. Da a nan abin ya tsaya, da Yari ya koma gida da girmansa cif. Amma mutumin da ya shekara hamsin ba a jin sa yana da wata ɗabi'a: yakan yi zancen zucinsa a fili, a ko'ina, don ya san ba mai kama shi. Yana shafa fuska, murna da kewa suka taso masa lokaci guda, ya manta da abin da ke manne a ƙirjinsa.

"Malami, ka jiya?" in ji lasifika. "Ni da bakina. Kullum kai ka yi man magana, yau na yi maka. Ɗiyakka ta girma, Malami. Ta yi hankali. Da kana nan da ka gani."

Sai muryar ta karye, ya fashe da kuka, kuka na gaske irin wanda bai yi ba ko ranar jana'iza, akwatin but na ɗaukarsa yana watsawa har bayan katangu. Ba wanda ya yi dariya. Dattawa suka sunkuyar da kai. Ummaru ya juyo da wata baƙar magana a bakinsa, ya dubi Yari, sai ya ja hannun riga ya fyace hanci da ƙarar da ba ta buƙatar amfilifaya. Can sai ga Simeon ya ɓullo a guje, kwano a hannu, miya har gwiwar hannu, ya fizge taɓaryar. Ya makara, kowa ya riga ya ji.

Kunya ta rufe Yari. Namiji da gemu, a gaban surukai! Ya shige mota ya ɗaga gilasai ya ƙi fitowa ko cin abinci. Simeon ya yi ta ba shi haƙuri ta tagar da ba ta rufuwa sosai, yana ɓamɓare masa salatif tare da gashin ƙirji.

Bayan la'asar aka fito da amarya za a kai ta Augie. Kamar yadda aka saba, aka ce a kawo ta wurin iyaye maza su yi mata nasiha, sai Umma ta zo ta buga gilas ta ce ya fito, ba a ɓoye wa wannan. Ya fito yana kallon ƙasa. Hamida ta durƙusa a gabansa, lulluɓe, idanunta sun kumbura.

"Bappa," ta ce, "ina ƙuryad ɗaki, an ruhe ƙohwa, mata na ta surutu. Duk na jiya. Tun ina ƙarama nike cewa to, ban san mi kake ce man ba. Yau na sani."

Yari ya dafa kanta. Leɓe ya motsa, gemu ya yi rawa. Matan da ke tsaye suka miƙo wuya ba su tsinci komai ba. Hamida ta matso da kunnenta daf da bakinsa, ta ce ya sake faɗa, ba ta son ko kalma ɗaya ta wuce ta.